Sharaɗin Fita Daga Sito

Manaja yana cikin sito yana duba kwalayen sabulu, ya ji an ja ƙofa an datse da kwaɗo ta waje. Ya buga, ya yi tsawa, ya ambaci 'yan sanda. Matan da ke naɗe sabulu suka ƙyale shi har muryarsa ta dushe. Ƙato ne, babu wadda ta kai masa kafaɗa a cikinsu, amma ƙofar ta ƙarfe ce.

"Manaja, ka gama?" in ji Gajera ta jikin ƙofa. Ita ce babbarsu, a haife ta haife shi.

"Ki buɗe! Mai kamfani na tafe!"

"Mun sani. Shi ya sa muka zaɓi yau."

Abin da ke cin ransa ke nan. In Mai kamfani ya tarar mata sun kulle shi kamar akuya, aiki ya ƙare, labarin kuma har jikokinsa sai sun ji.

Tun watan jiya Mai kamfani ya sa aka kwashe kujerun matan, wai zama ke kawo hira. Manaja ne ya jibge su a wannan siton. Tun daga nan a tsaye suke wuni, ƙafafu sun kumbura.

Gajera ta ce, "Kujerunmu za ka fito da su, da hannunka. Amarya da ka kora da tsohon ciki saboda ta zauna kan kwali, ka dawo da ita aiki. In an tambaya, ka ce kai ka ga dama."

"Haba Iya, umarni aka ba ni."

"Mu ma ƙafafunmu suka ba mu. Rantse."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ya rantse, yana faɗa wa kansa rantsuwar dole ba ta kama mutum. Aka buɗe. Ya yi ta jigilar kujeru yana gumi, wata har da ce masa sannu da aiki. Ashe Amarya ma tana bayan gini tana jira. Da ya ga yadda ta dafa bango kafin ta iya zama, kunya ta kama shi.

Mai kamfani ya shigo ya yi turus. "Wa ya dawo da kujerun nan?"

Babu wadda ta ɗago kai, takarda kawai ke ƙara a hannuwansu. Yanzu ba kwaɗo, kuma kalma ɗaya ta isa a kore su duka kafin yamma. Manaja ya dubi ƙeyar Gajera, ya goge gumi.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Biyo ni ofis."

Ya bi shi. Gajera ta ɗauki wani sabulun.