Ragowar Maganin Kafinta

Da muryar Kafinta ta fara dishewa, matarsa ta ɗora wa ƙurar katako laifi. Mutumin da yake wuni yana yanka yana goga, ina abin mamaki? Amma ranar da ta ga ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, mai tauri kamar tsakuwa, sai ta daina zargin ƙura. Ta san wannan baƙon. Shekarun baya kansar mafitsara ta kama shi, ya sha allurai da ƙwayoyi har likitoci suka ce ta kwanta.

Shi kuwa Kafinta, ka ambaci asibiti yanzu zai haɗe rai. Ya rantse ba zai sake hawa gadon nan ba. Ita ma, a faɗi gaskiya, tsoro ne ya cika ta, kada ta kai shi a ce cutar ta bazu, a koma gida a jira. To, a ƙasan akwatinta akwai ragowar ƙwayoyin wancan karon ƙulle a leda, don ita ba ta zubar da magani ko na ciwon kai ne. Kansa ai kansa ce, in ji ta, abin da ya kwantar da ita da can zai kwantar da ita yanzu. Kullum da safe sai ta ɓallo ɗaya ta miƙa masa da ruwa, ya haɗiye da ƙyar, ita kuma ta saci kallon wuyan ko ya saɓe.

Ina! Ƙullutun sai ƙara girma yake. Masu kawo aiki sai sun matso da kunne kafin su ji abin da yake cewa. Loma ta fara tsaya masa. Ranar da ya yi tari a shago ya tofar da jini a kan katako, babbar 'yarsu ba ta nemi shawarar kowa ba, ta tura shi cikin mota, sai asibiti.

Aka zura masa na'ura a maƙogwaro, aka gutsiri nama aka kai gwaji. Da sakamako ya fito, likita ta zaunar da su ta ce ba ta mafitsarar ba ce ta bazu, waccan tana nan kwance. Wannan wata kansa ce daban, ta maƙogwaro, da kanta ta tsiro, maganinta ma daban. Matar ta ji sanyi a ranta, har ta fara godiya ga Allah. Sai ta kwance ledar da sauri ta nuna, ta ce dama yana ta sha.

Likitar ta juya ƙwayoyin a hannu.

"Mama, wannan ko kusa da ita ba ya zuwa. Tun yaushe muryar ta dishe?"

Matar ta faɗa.

Likitar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce da a farkon dishewar aka zo, gashin ciwon da hasken na'ura kaɗai zai iya isa. Yanzu sai an yi aiki an cire maƙogwaron gaba ɗaya, sannan gashin ya biyo baya. Akwai fatan rai. Numfashi zai koma ta wata ƙofa a wuya.

"Maganar fa?" Kafinta ya tambaya, da ɗan abin da ya rage masa na murya.

"Wannan muryar za ta tafi, Baba. Za mu koya maka wata hanyar."

Suka fito suka zauna a benci. Matar jira take ya zage ta, ko ya ce ta cuce shi. Bai ko kalle ta ba. Ya karɓi wayar 'yarsa ya ce ta kira masa ƙannenta. Ɗaya bayan ɗaya yake kiran sunansu, ya tambayi aiki, ya tambayi jikoki, ya sake kiran sunan, ya ƙi bari a kashe. Da ya gama da autan, sai ya juyo ya kira nata sunan, na yanka, wanda bai taɓa faɗa a gaban yara ba. Ta buɗe baki za ta amsa, murya ta ƙi fita.