Kunne Ɗaya Bai Fito Ba

"Tsaya haka! Ɗan ɗaga kai!" in ji Baba Fasfo, da muryar nan tasa mai cika ɗaki.

Zalɓen da ke tsaye a bakin tafkin ya juyo ya dube shi sau ɗaya, ya buɗe fikafikai ya yi gaba abinsa. Abin da ya rage a hoton sai ruwa da ciyawa, da ƙafa guda tana ficewa ta kusurwar sama.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta durƙusa tana riƙe da ciki don dariya. "Baba, tsuntsu ne fa! Ba neman takardar tafiya ya zo yi ba."

"Da wannan halin nasa ko ya nema ba zai samu ba," ya ce, yana murza wuyan hannunsa. Idon kyamarar da ya ɗaura dogo ne kamar taɓarya, kuma nauyinsa ba na wasa ba ne.

Shekara talatin da ɗaya Baba Fasfo ya yi a wani ɗan shago daura da ofishin fasfo: farin ƙyalle a bango, kujera guda, fitilu biyu. Cire tabarau, fito da kunnuwa, rufe baki, ban da murmushi. A duk shekarun nan ba a taɓa dawo masa da hoto ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan labari. A watan jiya ofishin ya sayi tasa na'urar ɗaukar hoto, shi kuwa ya naɗe farin ƙyallensa ya dawo gida. Auta, wadda ke aikin jinya, ta ga tsohon nata ya fara zama shiru a ƙofar gida, ta ce sai ta saya masa sabon idon kyamara. Matar da ke sayar da kayan hoto, wadda ta san shi tun tana taya mahaifinta tsaron shagon, ta ba su aron guda uku ya gwada zuwa ƙarfe biyar na yamma: na namun daji, na titi, da na ƙananan abubuwa. Tun a hanya ya raɗa musu suna, Dogo da Ɗan Yawo da Mai Tonon Silili.

Da safiyar ranar ya gaya wa Auta wata magana. Idan biyar ta yi bai ɗauki hoto guda da zai iya ratayewa a bangon falo ba, har kyamarar zai bar wa mai shago ta sayar. Auta ta ɗauka wasa ne. Ba wasa yake ba. Tun ranar da ya rufe shago tsoro yake ji, kada a ce duk aikin da ya yi a rayuwarsa abin da akwatin ƙarfe zai iya ne.

Sun ƙara awa guda a bakin tafkin. Agwagin ruwa biyu da wani ƙadangare duk sun sha umarni, duk sun watse. Aka mayar da Dogo jaka.

A babban titi ya ɗaura Ɗan Yawo, ƙarami, mara nauyi, nan da nan fuskarsa ta saki. Ai nan akwai mutane, mutane kuwa suna jin magana. Wata mai sayar da lemo tana ta ciniki da wani direba, hannu a sama, baki har kunne, tana rantsuwar ba za ta rage ba. Auta ta ɗan taɓa shi. "Baba, yanzu, yanzu!"

Baba Fasfo ya gyara murya ya ƙarasa. "Sannu da aiki, baiwar Allah. Matso jikin bangon nan. Sauke hannu. Yawwa, ɗan ja ɗankwalin baya kunne ya fito. Ban da dariya."

Matar ta bi umarni tiryan-tiryan. Direban ma da aka kira shi ya cire hula ya ƙame. Haka ya yi wa mai gyaran takalmi, da mai jarida, da wasu 'yan mata uku da suka fito daga shagon ɗinki suna shewa, ya jera su ɗaya bayan ɗaya har suka yi tsit. Da suka zauna a benci suna duba allon kyamarar, sai ga fuskoki bakwai, duk a tsakiya, duk kunnuwa a waje, duk kamar an yi musu rasuwa.

"Baba," Auta ta ce a hankali, tana danne dariya, "ka ba wa titin nan kaf biza."

Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon mai lemon nan, yana tuna yadda take kafin ya buɗe baki. Hali zanen dutse, shi ne abin da ya zo masa a rai, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. "Mu je gida," ya ce.

Ƙarfe biyu ta wuce lokacin da suka shiga. Matarsa tana shanya a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane yadda aka kwashe, don haka ba ta tambaya ba. "Saura ɗaya ko? To ga tumatirina can ya yi fure, ka je ka ba shi umarni. Shi ba ya gudu."

Ya ɗaura Mai Tonon Silili don dai kada a ce bai gwada ba, ya durƙusa gaban tukunyar tumatirin, ya sa ido. Furen da bai kai farce ba ya cika allon, ga wasu siraran gashi a jikin karan, kowanne da ɗan ɗigon haske a kansa. Shekara nawa yana wuce tukunyar nan safe da yamma bai san tumatir yana da gashi ba. Ya danna, hoton ya fito dishi-dishi. Ya sake, haka. Furen bai motsa ba, hannunsa ne ke rawa, kuma duk numfashin da ya ja sai komai ya ɓace.

Ya kafa gwiwar hannu a ƙasa. Bai isa ba. Ya kwanta ruf da ciki a kan siminti, da sabuwar rigarsa da komai.

"Yau na ga ta kaina," in ji matarsa. "Auta, zo ki ga babanki."

Ana haka wata ƙudan zuma ta sauka a kan furen. Bakinsa ya buɗe da kansa, maganar ta zo har kan harshe, ya haɗiye ta. Ya riƙe numfashi. Ƙudan ta juya masa baya, ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya. Ya jira. Ƙafarsa ta yi sanyi, tururuwa ta hau masa wuya, bai ko sosa ba. Sai a dawowa ta biyar ta juyo gefe, ƙafafunta na baya dam da garin fure mai ruwan ɗorawa, ya danna a hankali.

"Na same ta," ya ce cikin raɗa. Sannan da ƙarfi, "Na same ta! Ku zo ku gani, har da kayan cefanenta!"

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar da ta yi sanyi ta ƙi, ya mirgina ya koma rigingine, siminti fari fat a gaban rigarsa, ganyen tumatir a gemu. Matarsa ta saki zanin da take matsewa ta fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum ya dafa bango. Yana kwance, kyamara a ƙirji, ya ɗaga ya danna ba tare da ya ce mata komai ba. Daga nan suka taru su biyu suka ɗaga shi, ana ta kaɗe masa riga.

Biyar saura kwata suka isa shagon. Mai shago ta sa katin kyamarar a kwamfuta tana wucewa ɗaya-ɗaya. Ƙafar zalɓe ta ba ta dariya. Fuskoki bakwai ɗin nan ta wuce su da sauri, saboda kara. Da ta zo kan ƙudan zuman ta tsaya, ta matso da fuskarta. "Kai, Baba! Wannan ai ko a mujalla. Minti nawa ka jira?"

"Arba'in," in ji Auta. "Kuma bai ce mata uffan ba. Ni shaida ce."

Mai shago ta danna gaba, sai ga hoto na ƙarshe ya cika allon. Matarsa ce, an ɗauko ta daga ƙasa, kai a karkace, baki a buɗe, hawaye guda a gefen ido, rana ta bi ta jiƙaƙƙun zannuwan da ke bayanta. Auta ta kai hannu baki. Ba ta taɓa ganin hoton mahaifiyarta tana dariya ba, don duk hotunan gidan shi ya ɗauka.

Baba Fasfo ya sa tabarau ya matso, ya yi wa hoton kallon gwani. "Kai ya karkace," ya ce. "Baki a buɗe. Ido ɗaya ya kusa rufewa. Kunne ɗaya sam bai fito ba. Da ofis aka kai wannan, tun daga bakin ƙofa za su dawo da shi."

"To a goge?" in ji mai shago, yatsanta a kan maɓalli.

Ya riƙe gefen teburin da sauri. "Kul!" Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya ɗan daɗe yana gogewa fiye da yadda ake buƙata. Sannan ya tura mata Dogo da Ɗan Yawo, ya jawo jakar kyamararsa ya rataya.

"Wanke min shi," ya ce. "Mene ne mafi girman da injinki yake fitarwa?"