Hannun Baffa

Ni ban yi karatun kirki ba. Aji uku na tsaya na koma bin shanu, daga baya na zama dillali a kara, kasuwar shanu. Don haka ranar da aka nuna min Malam Uwaisu a Dutse, aka ce sana'arsa zana mutane, cewa na yi wannan rashin aikin yi ne. Ga waya a aljihun kowa.

Amma waya ba ta ɗaukar wanda ke cikin ƙasa. Baffa, mahaifinmu, ya rasu shekara ashirin da shida ke nan a rugarmu ta wajen Miga, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bara 'yata Afra'u ta tambaye ni kamanninsa. Na buɗe baki zan faɗa, na tarar fuskar ta fara ɓace min. Abin da ya kai ni gidan Malam ke nan.

Dattijo ne siriri, faratansa duk fenti. A Zariya ya koyi zane, ya koyar shekara talatin da biyar tsakanin Ringim da Dutse har ya yi ritaya. Ya ce cikin ɗalibansa waɗanda suka riƙe aikin ba su kai biyar ba. An sha yi masa wa'azi kan zana mai rai, ya saurara da ladabi, ya koma kan aikinsa. Ɗakinsa cike yake da fuskoki, har da wani maƙeri da na sani a kasuwar Shuwarin. Saura kaɗan in gaishe shi.

"Malam Abdurrahman, ba na zana abin da ban gani ba," in ji shi.

"To, mu je ka tono shi."

Ya yi dariya. "Bakinka ba linzami. Wa ya ɗauko shi a gidanku?"

Na ce goshin da haɓar nawa ne, hancin kuma na ƙanwata Zuwaira.

Kwana shida ina zuwa in zauna masa a kujera kamar an dasa ni, Zuwaira ta yi kwana biyu. Sai ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna ni. Ya ce haka yake koya wa yara: shekara guda suna zana tulu kafin ya bari su taɓa fuska, in sun zo fuska kuma da ido ake farawa.

Da ya gama, ga mutum a tsaye riƙe da sanda. Na ce kamar shi ne. Zuwaira ma ta ce kamar. Malam ya ce shi ba ya aiki da kamar, a kai wa Innarmu ta gani, kuma da shi za a je.

Muka same ta a gindin darbejiya tana gyaran ƙwarya. Muka jingine zanen a jikin rumbu. Ta ƙare masa kallo kai tsaye, daga hula har takalmi.

"Wane bawan Allah ne wannan?"

Malam ya durƙusa a gefen tabarma.

"Inna, ina ne bai yi ba? Idon ne, ko bakin?"

"Malam, ni ina na san idonsa? Shekara talatin muna tare ban taɓa ɗaga kai na zuba masa ido ba. A wurinmu ba a yi. In na kawo masa nono, hannunsa nake gani. Wannan kuwa hannun ma'aikacin ofis ne, ko tsintsiya bai taɓa riƙewa ba."

Malam ya zaro takarda daga aljihu.

"Faɗa min hannun."

Ta ce babban yatsan dama igiyar bijimi ta karya shi, ya warke a karkace. Akwai tabon lauje a bayan hannun hagu. Da yatsu uku yake riƙe sanda, ƙaramin a ɗage. Yana zanawa tana leƙawa.

"Ƙara lanƙwasa shi. Kai, ba haka ba, ai ba ƙugiya ba ce!"

A mota ya ce min, "Shekara talatin da biyar ina cewa a fara da ido. Yau an mayar da ni aji ɗaya."

"Barka da zuwa ajinmu," na ce.

Bayan sati biyu muka koma. Bai taɓa fuskar ba, hannuwan kawai ya sake. Muka jingine zanen a wurin da muka sa shi da farko.

Inna ta ɗago. Idonta ya sauka kan yatsan nan, bai wuce nan ba. Sai ta ja mayafinta gaba, ta kawar da kai gefe, ta gyara zama. Haka take yi in Baffa ya shigo gida, na tuna sarai.

"Kai wannan," ta ce min, don ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. "Ku shigar da shi ciki, rana na dukansa."

Malam ya sunkuyar da kai yana kankare fentin farcensa. Ni kuwa na ɗaga murya na kira Afra'u, na ce ta zo ta gaida kakanta.