Karo na Talatin da Biyu

Tsoho Tokuzo, wanda teku ta haɗiye jirginsa sau biyu ta tofo shi da ransa, bai taɓa zaman aji ba. A jikin akwatunan kifi ya koyi karatu. Littafinsa ɗaya ne tak, bangon naɗe da takardar kanti yadda kowa ke yi. In an tambaya sai ya ce tarihin yaƙi ne, ba na masu ƙaramin kai ba.

Ƙarya yake sharawa. Labarin wata tsohuwa mai wainar shinkafa ne, wadda ta gano wanda ya kashe mai gidan wanka. Sau talatin da ɗaya ya karanta, kuma kowane karo malamin ɗakin ibada yake zargi, bawan Allah da ba ruwansa.

Da sharar ƙarshen shekara, surukarsa Michiyo ta ɗaure littafin cikin tsofaffin jaridu ta kai bakin titi.

"Baba, ai ya ruɓe. Har warin miya yake."

"Miyar tawa ce," in ji shi, ya fice da silifas ɗin banɗaki. Ga motar kwasar takardu ta shawo kwana.

A can ya tarar da Hatsue, tsohuwar da ke gadin sharar unguwa kamar gadon ubanta.

"Abin da aka ɗaure ba a kwancewa, Kyaftin."

"Ni da guguwa ta kasa, ke ce za ki tare ni?"

Ya fizgo littafin. Takardar ta yage, sai ga hoton tsohuwa riƙe da kyanwa. Hatsue ta dubi bangon, ta dubi silifas.

"Wane yaƙi ne wannan? Wanzami ne fa ya kashe mai gidan wankan."

"Na sani tun kina da haƙora."

"To me kake nema a ciki?"

"Wurin da take suya ana ruwan sama, ɗan sanda na satar waina. Ba ki da hankalin gane wannan."

Kafin rana ta take, labari ya kai gidan wankan unguwa, tarihin yaƙi ya mutu murus. Tokuzo ko a jikinsa. Ya zura ƙafafu ƙarƙashin tebur mai bargo da na'urar ɗumama ƙafa, ya buɗe shafin farko. A shafi na tara malamin ya shigo yana murmushi.

"Munafuki," in ji Tokuzo. "Ban yarda da kai ba."