Kajin Auduga a Hannun Ajuma

A shekarun da ba a gina gadar Gaya ba, lokacin da jirgin fito da ake kira bak ke ƙetarar da motoci zuwa Malanbil, akwai wata mata mai suna Ajuma da ke tuyar kifi a bakin kogi. Mijinta Malam Kabo manomin shinkafa ne. Ƙanenta Sumana kuwa direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Gaya da Faraku a ƙasar Dahome.

Wata rana gab da faɗuwar damina Sumana ya shigo gidan da kwando a hannu. Da ya ɗaga murfin, sai Ajuma ta ja da baya.

"Sumana, mene ne wannan? Kyanwa ce ko kaza?"

"Kaji ne, Yaya. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar mini su, don na ɗaukar masa kaya. Ni kullum ina hanya, ke ce za ki iya da su."

Su uku ne, zakara ɗaya da kaji biyu, farare fat. Gashinsu ba irin na kaza ba ne, laushi gare shi kamar audugar da aka shiɓa, fatarsu kuma baƙa ƙirin. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, har aka sa musu suna kajin auduga. Ajuma ta sake su tsakar gida tare da sauran kajinta.

Ruwan farko mai ƙarfi ya same ta a bakin kogi. Da ta dawo, kajin gida sun karkaɗe jiki suna ta kiwonsu, amma na auduga ukun suna raɓe a gindin rumbu, sun jiƙe har fata, sun koma kamar tsumma, suna kakkarwa. Kafin la'asar ƙaramar kazar ta mutu.

Malam Kabo ya dubi biyun da suka rage, ya ce, "Kawo wuƙa a yanka su tun suna da rai. Gara miya da mushe."

"Malam, ka yi haƙuri. Laifina ne, na ɗauka kamar sauran suke. Yanzu na gane, ruwa ba ya zamewa a gashinsu, shanye shi suke yi."

"Marka na tafe. Za ki hana sama zubar da ruwa ne?"

"Ba zan hana ba. Amma ba zai sake taɓa su ba."

Ta naɗe su a tsohon zanenta ɗaya bayan ɗaya, tana matse ruwan a hankali, sannan ta zauna da su kusa da murhu tana tsefe gashin da yatsa har ya bushe ya tashi. Washegari ba ta je kifi ba. Ta kwaso duwatsu ta ɗora akurki a kansu don ya tashi daga ƙasa, ta cire zanan da ke kare rumfar tuyarta ta kewaye shi ta gefen gabas, inda ruwa ke bugowa. Ta bi gida gida wurin masu sussukar shinkafa tana roƙon ɓuntu, ta shimfiɗa musu. Kullum da safe takan sa hannu ta taɓa shimfiɗar, in ta ji danshi ta kwashe ta zuba sabuwa.

Da marka ta kankama, aka kwana shida rana ba ta leƙo ba. Komai na gidan ya yi sanyi, har ɓuntun da ta tanada. Zakaran ya soma atishawa, ido ɗaya ya kumbura, ya ƙi cin tsaki. Ajuma ta mai da su ɗakin girki. Ta gwada ajiye kaskon garwashi kusa da su, sai ta ga hayaƙin yana sa su haki, don haka ta fitar da shi. Sai ta riƙa ɗumama yashi a tukunya, ta ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin kwandonsu. Ta daka tafarnuwa a ruwa tana ɗiga wa zakaran a baki, tana cusa masa jiƙaƙƙen gero ƙwaya ƙwaya.

A rana ta huɗu Malam Kabo ya dawo daga fadama ya tarar da ita durƙushe tana wannan aiki. Ya tsaya a ƙofa yana kallo. Can ya fita cikin yayyafi, ya kwance ciyawar da ya ajiye don gyaran rumbunsa, ya yi wa akurkin sabon rufi mai faɗin baki.

Ranar da gari ya washe, zakaran ya miƙe da kansa ya tsattsagi gero. Carar da ya yi a shaƙe take, amma Ajuma ta ji ta har cikin ranta.

Bayan mako uku kazar ta kwanta a kan ƙwai bakwai, ta ƙi tashi ko don cin abinci, sai Ajuma ta ɗaga ta da hannu. Biyar suka ƙyanƙyashe. Ranar da Sumana ya dawo, ya tsugunna gaban akurki ya ɗauki ɗan tsako guda a tafin hannunsa.

"Yaya, a ba ni biyu in kai wa wani abokina a garin Bana mana."

"Ba yanzu ba," in ji Ajuma. "Ɗari na tafe. Ka bari su yi gashi tukuna. Kuma ka ce masa ya zo da kansa in nuna masa yadda ake riƙe su."