Dutsen Nazira

Duk matan da ke haɗuwa a gidan Hajiya Ruƙayya ran Alhamis sun san abin da ya kawo mijin Shafa'atu Riyad, domin ita Shafa'atun ba ta bar kowa ya manta ba. Ko gishiri aka aiko aro sai ta ce, "Bari in duba, Baban Nazira yana can unguwar Ulaya wajen aikin tauraro." Har aka sa mata suna Matar Tauraro a bayan ido, ta ji, ta kuma ji daɗi.

Aikin kuwa na gaske ne. Gwamnatin can gida ce ta turo mijin nata, Mujtaba, da 'yan uwansa injiniyoyi su koyi yadda ake sa tauraron ɗan'adam ya nuna wa mutum daidai inda ƙafarsa take. Shuɗin ɗigon nan na taswirar waya, in ji Mujtaba, maƙaryaci ne: kana ƙofar gidanka ya ce kana ɗakin maƙwabci. Nasu kuwa, in gwamnati ta saki kuɗi aka sayo na'ura, ko allura ka yar a rairayi zai kai ka kanta.

Ana cikin jiran na'ura zazzaɓi ya ɗauke Nazira, 'yarsu tilo, wadda ta fi iya Larabci a kan Hausa, ta kan ce wa uwarta "yalla", wato yi sauri, in tuwo ya yi jinkiri.

A garin nan ba a rubuta suna a kabari, mata kuma ba sa shiga maƙabarta. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Ranar sadakar uku Hajiya Ruƙayya ta jawo Shafa'atu gefe ta danƙa mata ƙaramin gwangwanin koren fenti.

"Ki ba mijinki ya ɗiga a dutsen. Haka kowa ke yi. Wurin nan cika yake kamar kasuwa."

Mujtaba ya juya gwangwanin a hannu, ya yi ɗan murmushinsa na farko tun rasuwar.

"Haba Shafa. Fenti? Rana ta cinye shi kafin Sallah. Na san wurin, akwai jan dutse mai tsaga, kusa da katanga. Na'ura na zuwa zan auna shi, in rubuta miki lambar da har jikokinmu za su zo su tsaya a kai."

Ta ɗora gwangwanin a saman firji.

Na'ura ba ta zo ba. Aka ce kasafin kuɗi na majalisa. Aka ce ya fito amma an rage. Aka canza minista, sabon ya kafa kwamiti, kwamitin ya zo Riyad, ya yi umara, ya sayi dabino da turare, ya koma. Mujtaba kullum ya ɗaura agogo ya tafi Ulaya ya zauna gaban kwamfuta, ya dawo da ciwon kai.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan kai ta bakin maƙabartar. Ta zauna a mota, shi ya shiga, ya turo mata inda yake ta waya. Sai ta ƙura wa shuɗin ɗigon ido, ta yi wa 'yarta hira: yau an dafa dambu, takalminki ja yana nan, ban ba kowa ba. Wannan ɗigon shi ne kabarinta, ba ta da wani.

Bayan ruwan da aka tafka a hunturun bara, wanda ya cika tituna har motoci suka yi iyo, ta lura ɗigon ya daina tsayawa wuri guda. Wannan Juma'ar nan, waccan can.

"Baban Nazira, yau kamar ka matsa gaba."

"Wayar ce. Ba shi muka zo gyarawa ba?"

Ta yarda. Me za ta yi in ba ta yarda ba?

Labarin rushe shirin ma a gidan Hajiya Ruƙayya ta fara jin sa, daga bakin matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci, wadda ta faɗa tana tsotsar ƙashin kaza. Gwamnati ta ce ba shi ne gabanta ba yanzu. Kowa ya tattara ya koma gida, iƙama, takardar izinin zama, ba za a sabunta ba. Matan kowace ta shiga satar kallon Matar Tauraro. Ita kuwa ba albashi ta tuna ba, ba kunya ba. Saman firji ta tuna.

Juma'arsu ta ƙarshe, akwatuna a ɗaure, ta fito da gwangwanin daga cikin abayarta ta ajiye masa a cinya.

"Na'urarku ta ƙi zuwa. Ga tawa."

"Shafa..."

"Ka ɗiga kawai. In Allah ya kawo wani namu aikin hajji ya biyo, ya ce mata uwarta na gaisuwa."

Ya ɗauka ya fita. Ba ta taɓa ganin bayansa ya ranƙwafa haka ba.

Ɗigon ya shiga ƙofa, ya bi katanga, ya tsaya. Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ya motsa. Ya yi gaba, ya dawo. Ya ratsa hagu. Ya sake komawa bakin katanga kamar mai fara lissafi daga farko. Ta san rawar da ɗigon ke yi in waya ce ke ƙarya, ɗan karkarwa ne a wuri guda. Wannan tafiyar mutum ce.

Ta kira shi. Ya ɗauka, ta ji numfashinsa da ƙarar tsakuwa.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun ruwan nan. Ya kwashe duwatsun, masu aiki suka sake jerawa. An ƙara layuka. Jajayen duwatsu sun yi yawa, Shafa."

"Duk Juma'ar nan da nake mata hira..."

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Mota ta wuce da kiɗa. Shafa'atu ta dubi wayar. Kewaye da ɗigon akwai wani zobe mai haske, wanda Mujtaba ya taɓa ce mata ma'anarsa mutum na cikin nan, amma ba a san ina ba.

"Tsaya inda kake. Waɗanda ke kewaye da kai, yara ne?"

"Duk yara ne."

"To yi musu sallama duka. Ka ce Maman Nazira ce. Ka faɗa da Larabci, ta fi ji."

Ta ji muryarsa yana faɗa. Ta jira, kamar za a amsa.

Da ya dawo mota, gwangwanin na hannunsa, murfin ko motsi bai yi ba. Ya miƙa mata, ta ƙi karɓa, ya rasa inda zai sa shi, ya ajiye tsakanin kujerunsu. Ya tada mota, muryar matar da ke nuna hanya a waya ta ce ya juya dama, ya juya.

Har suka fita unguwar Shafa'atu na kallon katangar ta madubi. Gwangwanin kuma, duk kwanar da suka sha, sai ya gangara ya bugi ƙafarta.