Kunnen Lamba Talatin da Takwas

Lemet ya riga ya danne 'yar barewar, irin wadda ake kiwo a ƙasarmu ta ƙanƙara, da gwiwa, ya datse kan kunnenta na dama, ya tsaga na hagu sau biyu, kafin ya ji muryar yayarsa Ravdna daga bakin shinge.

"Lemet! Tsaya! Me kake yi haka?"

Wuƙa ta riga ta wuce. Ya saki 'yar barewar, ta miƙe tana kaɗa kai, ta ruga cikin garke tana kiran uwarta. Ya jefa guntun kunnen a aljihun ƙirji kamar yadda kowa yake yi, ya goge wuƙar a cinyarsa, sannan ya ɗago.

"Me nake yi kuwa, Yaya? Shaidata nake sakawa."

"A kan talatin da takwas?"

"Tawa ce. Tana cikin takarda."

 Ravdna ta ɗaga hannu kawai ta nuna. Lemet ya bi yatsanta da kallo, ya ga 'yar barewar ta cusa kai ƙarƙashin wata tsohuwar uwa mai farin wuya. Daga inda yake tsaye, taku sittin ko fi, ya karanta kunnen uwar tsaf. Shaidar marigayi Ovlla ce, mijin Ravdna, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce.

Tsarin aikin ba ɓoyayye ba ne. Tun da sanyin safiya, kafin sauro ya farka, aka rataya wa 'ya'yan bareyin lambobi a wuya, aka sake su. Mutane suka tsaya suna kallon uwar da kowacce take bi, aka rubuta mai ita. Sunna, matar Lemet, ta kwafa masa nasa lambobin a 'yar takarda. Abin da ya rage shi ne ka duba takardarka, ka jefa igiya, ka yanka shaidarka. Yaro ɗan shekara goma ba ya kuskure a nan.

Heika, taubashinsu, shi ya fara magana, don ba ya iya ganin shiru ya bar shi.

"Kai, Idon Garke! Ashe bana hannu ne ya yi tsawo?"

Da wata rana ce da an kwashe da dariya. Yau ba wanda ya dara. Maza suka shiga naɗe igiyoyin da ba su buƙatar naɗi, mata suka sunkuyar da kai. Ravdna ta gyara tabarau a hancinta, ta juya ta fice daga shingen, ta nufi tantinta ba tare da ta waiwaya ba.

Lemet ya ce zai je ya duba mai a babur ɗinsa. Kowa ya san babur ɗin ba ya buƙatar komai.

Bayan tulin itace, inda ba mai ganinsa, ya zaro takardar. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya ja kai baya, ya ƙanƙance ido har lambobin suka daina rawa. Talatin da uku. Uku ne da uku, a rubuce sarai. Ɗazu a cikin shinge, Heika yana tsaye a kafaɗarsa, kunya ta hana shi miƙa hannu haka. Ya ɗan saci kallon takardar a kusa, ya ga abin da ya ga dama.

Shekararsa hamsin da uku. Tun yana saurayi ake kiransa Idon Garke, kuma ba zolaya ba ce. Idan mutum biyu suka yi gardama kan uwar barewa, Lemet ake kira, ya kalla sau ɗaya daga nesa ya ce ta wane ce, magana ta mutu. Har yanzu idan ya ɗaga kai yana iya ƙirga bareyin da ke kan dutsen can, inda sauran ƙanƙara ta ƙi narkewa. Abin da ke tafin hannunsa ne ya gagare shi, kuma wannan ya fi komai ba shi haushi.

Ya zauna a kan babur yana auna abin, kuma a gaskiya ma'aunin nasa ba mai kyau ba ne. A wajenmu, wanda ya ɗora shaidarsa a kan ɗan barewar wani, za a yi shekara ana gulmarsa, wasu su ce ya cika haɗama, wasu ma su ce wayo ne. Amma yana nan cikin maza. Wanda kuwa aka ce idonsa ya tafi, bakin wuta ake tura shi ya dafa wa mutane kofi tare da tsofaffi, a riƙa gaishe shi da ladabi, a daina tambayarsa komai. Lemet ya kama kansa yana tunanin wanne ya fi sauƙin ɗauka, ɓarawo ko tsoho.

"Nan ka ɓuya?"

Sunna ce, riƙe da kofi biyu. Tabaraunta mai jan baki yana lilo a ƙirjinta, a jikin igiyar duwatsu da 'yarsu ta yi mata.

"Ban ɓuya ba. Mai nake dubawa."

"To, ya man yake?" Ta miƙa masa kofin. "Shekara biyu, Lemet. Shekara biyu ina karanta maka saƙon waya kana cewa hannunka da maiƙo. Kwalin maganin hawan jininka ni nake duba maka. Ranar da muka ci abinci a garin Alta ka ce wa yarinyar gidan abincin ta kawo maka irin nawa, alhali ba ka cin kifin nan."

"Rubutun zamani ne ya ƙanƙance."

"Har da nawa? Ina tabaraun da na sayo maka?"

"Yana gida."

"Yana cikin gwangwanin ƙugiyoyin kamun kifi, na gan shi." Ta cire nata daga wuya ta miƙa masa. "Ungo."

"Na mata ne wannan."

"Gilashin bai damu da wanda ya saka shi ba."

Ya kau da kai. Ta mayar da shi wuyanta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sassauta murya. "Yayarka tana can tana tunanin ƙaninta ya cuce ta. Kai kuma kana nan kana tunanin abin da Heika zai ce. Ka sha kofinka kada ya huce."

Ya sami Ravdna zaune a kan fata kusa da murhu, tana yanka busasshen nama da ƙarfin da naman bai buƙata ba. Hayaƙi ya cika tantin don korar sauro. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Yaya, zan ba ki biyu a madadinta. Ki zaɓa da kanki."

"Na ce maka biyu nake nema?"

Ta ci gaba da yanka naman.

"Ka san uwar nan," in ji ta. "Ovlla ne ya yanka mata kunne da hannunsa, shekara goma sha huɗu ke nan. Haƙoranta sun ƙare, ba za ta ga wata bazara ba. Wannan ce 'yarta ta ƙarshe, kuma na ajiye ta ne don Aile." Aile jikarta ce, jaririya 'yar wata huɗu, wadda aka fitar mata da shaidarta ta kanta a watan jiya. "Shaidar yarinyar nan a kan kunnen dama take, Lemet. Kan da ka datse. Yana cikin aljihunka."

Hannunsa ya kai ƙirji da kansa. Guntun yana nan, da sauran ɗumi.

"Tun da Ovlla ya tafi ake ce mini in sa ido, wai garken mace mai takaba ba ya ƙaruwa, raguwa yake yi. Na ce ni ina da ƙane." Ta ajiye wuƙar. "Abu ɗaya nake so in ji. Da gangan ka yi?"

Ya zaro takardar. Bakinsa ya riga zuciyarsa. "Rubutun Sunna ne, kin san yadda take yin uku..."

Ravdna ta karɓa ta duba, sannan ta kalle shi ta saman tabarau, irin kallon da take masa tun yana ɗan shekara shida idan ya sha madarar da aka ajiye wa mahaifinsu.

"Wannan ukun ko daga waje ana ganinsa. Kada ka haɗa mini biyu, ka ɗauki barewata kuma ka ɗora wa matarka."

Kunya ta rufe shi har wuya. Itace ya yi ƙara a murhu. A waje garken yana ta zagaye, ƙarar kofato kamar ruwan sama a kan kwano.

"Ba na gani, Yaya," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, kamar ba tasa ba. "Na nesa ina gani. Na kusa ne ya tafi. Ya kai shekara biyu."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗunta suka sauka. Sai a lokacin ya gane irin nauyin da ta shigo da shi tantin nan.

"Shi ke nan? Don wannan ka bar ni na zauna a nan ina tuna duk abin da na taɓa yi maka, ina neman inda na ɓata maka?" Ta jefe shi da guntun nama, ya same shi a ƙirji. "Sakarai. Shekara hamsin da uku, har yanzu sakarai."

"Kada ki faɗa wa kowa."

"Ni ba zan faɗa ba." Ta jawo jakarta, ta fito da wani ɗan kati da aka zana kunnuwa biyu a kai, da tsage-tsage ƙanana kamar haƙoran zarto. "Talatin da takwas ta zama taka, kunne ba ya komawa. Amma ba za ka yanka ta don nama ba, ba za ka sayar ba, kuma 'yarta ta fari ta Aile ce. Yau kuma talatin da uku za ka ba yarinyar. Ga shaidarta. Da Ovlla yana nan shi zai yanka mata ta farko. Tunda ba ya nan, kai ne kakanta."

Ya karɓi katin. Bai ga komai a kai ba sai baƙi-baƙi.

"Heika ma zai iya," ya ce.

"Heika ba ƙanena ba ne. A gaban mutane ka yanka waccan, a gabansu za ka yanka wannan."

Da suka koma shingen, hira ta ɗauke. Lemet ya warware igiyarsa, ya tsaya a tsakiya garken yana zagaye shi. Ya hango talatin da uku can ƙarshe, tana gudu a bayan uwarta. Jifa ɗaya ya yi. Igiyar ta bi ta kan bareyi goma ta zarge ƙafarta, wani daga baya ya yi fito ba da niyya ba. Ya jawo ta ya kwantar, Ravdna ta durƙusa da ƙyar ta riƙe mata kai.

Ya ajiye katin a kan gwiwarsa. Ya zaro wuƙa. Sannan, ba tare da ya ɗaga ido ba, ya miƙa hannu wajen Sunna.

Ta rataya masa igiyar duwatsun a wuya da hannunta. Ya ɗora jan tabaraun a hanci.

Na ɗan lokaci ba ka jin komai sai kofato. Can Heika ya dafe ciki.

"Wayyo! Jama'a ku zo ku ga amarya! Idon Garke ya ari na mata!"

Dariya ta ɓarke daga wannan gefen shinge zuwa wancan, har da waɗanda ɗazu suka ƙi haɗa ido da shi. Kunnuwan Lemet suka yi zafi, amma abin mamaki sai ya ji dariyar ta fi shirun ɗazu sauƙi nesa ba kusa ba.

"Ka gama?" ya ce wa Heika. "Zo ka karanta mini katin nan in kana gani."

Heika ya ce ai shi igiyarsa ce ta harɗe, ya juya. Dariyar ta koma kansa.

Lemet ya sunkuya. Katin ya fito fes, tsaga uku a gefen dama, ɗaya mai lanƙwasa a hagu. Kunnen ma ya fito, kowane gashi daban, da 'yan jijiyoyi jajaye da rana ta haska. Ya manta kunnen barewa yana da kyau haka. Ya yanka a hankali, tsaga bayan tsaga, wuƙar tana bin inda ya ce. Ya tattara guntayen ya zuba a tafin Ravdna, ta dunƙule hannu a kansu.

Ya ɗaga kai don ya ga inda 'yar barewar ta nufa, sai ya tarar ba dutse, ba garke, ba Heika, duk sun narke sun zama dishi-dishi. Abu ɗaya ne ya rage a sarari, fuskar yayarsa, taƙi ɗaya daga tasa. Ya ga layukan da suka zagaye bakinta, da furfurar da ta cinye girarta, da ruwan da ya taru a bayan gilashinta bai zubo ba. Shekara biyu yana zama kusa da ita a bakin wuta bai ga ko ɗaya ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "kin tsufa."

Ta dafa kafaɗarsa don ta samu ta miƙe.

"Sai yau ka gani?"